Maganar da uba ya faɗa cikin fushi: la'ana ce ko rauni?

Tambaya: Ina ɗan shekara 13 mahaifina ya ce mini, cikin fushi, ba zan taɓa zama komai ba. Yau na haura shekara 40, shi kuma ya rasu, amma duk lokacin da wani abu ya lalace mini sai in ji muryarsa a kunnena. Wasu sun ce la'ana ce take bina, tunda Karin Magana 18:21 ta ce mutuwa da rai suna cikin ikon harshe, wasu kuma sun ce magana ce kawai, in manta da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kwanan baya na ji kaina ina faɗa wa ɗana kusan irin wannan maganar. Wane irin iko magana take da shi bisa ga Littafi Mai Tsarki, kuma ta yaya zan gyara?

Amsa: Ɗan'uwana, alheri da salama su kasance tare da kai. Kowanne daga cikin ɓangarorin biyu da suka ba ka shawara ya kama wani yanki na gaskiya, ya kuma saki yankin da ka fi bukata. Masu cewa magana ce kawai ba su yi wa Littafi Mai Tsarki adalci ba, domin da wuya a sami wata gaɓa ta jikin mutum da aka yi ta gargaɗi a kanta kamar harshe. Masu cewa la'ana ce kuwa sun ba bakin mutum matsayin da Allah ya keɓe wa kansa. Abin da na fahimta, bayan shekarun da na yi ina koyar da Littafi, ina kuma zama da masu irin wannan ciwo, shi ne maganar mahaifinka ta ji maka rauni na gaske, raunin kuma bai warke ba, amma ba ta da ikon yanke hukunci a kan rayuwarka.

Mu fara da ayar da aka kawo maka. Ba ita kaɗai take tsaye ba, kuma duk wanda ya karanta sura ta 18 daga farko zai ga irin mutuwa da irin ran da ake nufi. A cikin surar an ce leɓunan wawa sukan jawo faɗa, bakinsa kuma yakan jawo masa bulala. An ce maganar mai gulma kamar loma mai daɗi take, takan gangara can cikin ciki. An ce wanda ya ba da amsa kafin ya saurara ya yi wauta. An ce wanda ya fara kai ƙara shi ake gani da gaskiya, sai abokin shari'arsa ya zo ya yi masa tambayoyi. An kuma ce ɗan'uwan da aka ɓata wa rai ya fi birni mai ganuwa wuyar shawo kai. Duk waɗannan al'amura ne na gida da kotu da zaman tare, inda shaidar mutum ɗaya takan sa a kashe wani ko a sake shi. Babu inda surar ta nuna cewa akwai wani asiri a cikin sautin kalma da yake bin mutum ko da bai ji ta ba.

Maganar da take haifar da abin da ta faɗa, don kawai an faɗe ta, ta Allah ce shi kaɗai. Shi ne ya ce haske ya kasance, haske kuwa ya kasance. Makoki 3:37 ta yi tambayar kai tsaye: wane ne zai faɗi abu ya kuwa tabbata, in ba Ubangiji ne ya umarta ba? Karin Magana 26:2 kuma ta kwatanta la'anar da ba ta da dalili da tsuntsu mai shawagi wanda ba ya sauka. Labarin Bal'amu a Littafin Ƙidaya, sura 22 zuwa 24, ya isa misali. Mutum ne da ya yi suna wajen sa albarka da la'ana, har Balak sarkin Mowab ya aika masa da lada domin ya zo ya la'anci Isra'ila, aka kai shi wurare uku dabam dabam aka gina bagadai, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, ta yaya zai la'anci wanda Allah bai la'anta ba? Idan gwanin la'ana da aka biya ya kasa, to, fushin da mahaifi ya yi da yamma ɗaya bai kai ya ɗaure wanda Almasihu ya fansa ba.

Na san za a kawo mini Ishaku, a ce ai albarkar da ya sa wa Yakubu ta tabbata, har ya kasa janye ta ko da Isuwa ya yi kuka mai zafi. Amma a duba labarin da kyau. Ishaku ya buɗe baki ne da niyyar sa wa Isuwa albarka, sai maganarsa ta sauka a kan wanda Allah ya riga ya ambata tun yaran suna ciki, lokacin da ya gaya wa Rifkatu cewa babban zai bauta wa ƙaramin. Ashe nufin Allah ne ya tabbata, niyyar uban kuwa ta sha ƙasa. Haka kuma Yakubu, a kan gadon mutuwarsa, ya la'anci fushin Lawi, ya ce za a warwatsa shi cikin Isra'ila. An kuwa warwatsa zuriyarsa, sai dai warwatsuwar ta zama ta masu hidimar Allah da aka ba su birane 48 a tsakanin sauran kabilu. Akwai kuma wani ɗan guntun labari a Farawa 35:18 da nake so ƙwarai. Rahila tana gab da cikawa wajen haihuwa ta kira jaririn Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina, amma mahaifinsa ya kira shi Biliyaminu, ɗan hannun dama, kuma da wannan suna na biyu aka san shi har yau. Kalmar da zafi ya fitar daga bakin mahaifiya ba ita ta zama kalma ta ƙarshe a kan yaron ba.

To, in ba la'ana ba ce, me ya sa muryar take nan bayan kusan shekara 30? Domin magana tana da hanyar da take bi ta yi ɓarna, hanyar kuwa ita ce kunne da zuciya. Yaro bai san kansa ba tukuna, daga bakin manyansa yake jin ko shi wane ne, kuma maganar uba ba ya ɗaukar ta a matsayin ra'ayi, yakan ɗauke ta a matsayin labarin gaskiya game da kansa. Daga nan duk abin da ya faɗi a hannunsa sai ya ce ga shi an faɗa, duk abin da ya yi nasara a kai kuma sai ya ɗauka dace ne kawai, har wata rana ya daina gwada abin da zai iya. Manzo Bulus ya san wannan sarai, shi ya sa a Kolosiyawa 3:21 ya gargaɗi ubanni kada su riƙa tsokanar 'ya'yansu, dalilin da ya bayar kuwa shi ne don kada su karaya. Haka ya faru da al'umma guda a Littafin Ƙidaya 13 da 14. Mutum 12 suka yi kwana 40 suna leƙen asirin ƙasar Kan'ana, 10 daga cikinsu suka dawo suka ce sun ga kansu kamar fara a gaban mutanen ƙasar, jama'a suka kwana suna kuka, suka ƙi shiga, aka ƙare da shekara 40 a jeji. Maganar mutum 10 ɗin ba ta ƙara wa ganuwar kowane birni tsawo ba. An gaskata ta ne fiye da alkawarin Allah, daga nan ɓarnar ta fito.

Wannan bambanci yana da amfani a gare ka kai tsaye. Wanda ya ɗauka la'ana ce yakan yi ta yawon neman wanda zai karya ta, sau da yawa kuma tsoronsa ƙaruwa yake yi, domin duk sabuwar matsala sai ta zama shaidar cewa ba a karya ta da kyau ba. Wanda ya gane cewa ƙarya ce da ya gaskata tun yana ƙarami, ya san abin da zai yi yaƙi da shi.

Kada kuma a ɗauka cewa ƙarya kaɗai take kisa. Labarin da ya fi girgiza ni a kan harshe a duk Tsohon Alkawari shi ne na Doyeg mutumin Edom, shugaban makiyayan sarki Saul, a 1 Sama'ila 21 da 22. Dawuda yana gudun Saul ya biya ta Nob, ya gaya wa Ahimelek firist cewa sarki ne ya aike shi wani aiki na asiri, firist ɗin ya ba shi gurasa mai tsarki da takobin Goliyat, Doyeg kuwa yana wurin yana kallo. Bayan wani lokaci Saul yana zaune a gindin itace a Gibeya, mashi a hannunsa, yana ƙorafi cewa duk an haɗa masa kai, babu mai gaya masa komai. A daidai wannan lokaci Doyeg ya buɗe baki ya ce ya ga ɗan Yesse, wato Dawuda, a Nob, an ba shi guzuri da takobi. An kuwa ba shi. Abin da bai fito ba a cikin rahoton shi ne firist ɗin ya yi haka ne yana zaton bawan sarki yake taimaka wa. Masu tsaron sarki suka ƙi ɗaga hannu a kan firistocin Ubangiji, Doyeg da kansa ya kashe mutum 85 a ranar, aka kuma hallaka garin Nob har da mata da jarirai. Zabura 52, wadda rubutun da ke samanta ya danganta ta da wannan al'amari, ta kwatanta harshensa da aska mai kaifi, ta kira shi harshen yaudara. Baki shi ke yanka wuya, a nan kuwa wuyan wasu ya yanka, da rabin gaskiya da aka miƙa wa mai fushi a lokacin da ya fi son jin ta.

Malaman da suka zauna a Westminster ta birnin Landan suka rubuta babban katekisim na 1647, wato littafin koyar da bangaskiya ta hanyar tambaya da amsa, sun lura da wannan, domin a cikin zunuban da suka jera ƙarƙashin dokar hana shaidar zur sun sa faɗin gaskiya a lokacin da bai dace ba, ko faɗinta da mugun nufi. Martin Luther kuma, a ƙaramin katekisim nasa na 1529, bai tsaya ga hana ƙarya ba, ya ce dokar tana bukatar mu kāre maƙwabcinmu, mu faɗi alheri game da shi, mu kuma yi wa abin da ya yi kyakkyawar fassara. Yana da kyau mai bi ya sani cewa kalmar Helenanci da ake fassarawa Iblis asalin ma'anarta mai ɓata suna ce, kuma da ita Bulus ya yi amfani a 1 Timoti 3:11 da Titus 2:3 sa'ad da yake gargaɗi a kan masu yanke ga mutane. Wanda ya zauna yana cin naman ɗan'uwansa a bayan ido, ko da ya sa wa abin suna batun addu'a, ya san aikin wa ya karɓa. Idan kuma ana son ganin inda irin wannan yake kaiwa a kan ƙasa guda, Ruwanda tana nan: gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, a 1994 kuma aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, a ƙasar da akasarin mutanenta Kirista ne, har kotun duniya da ta zauna a Arusha ta Tanzaniya ta sami wasu daga cikin waɗanda suka kafa rediyon da laifi a 2003.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi tayar maka da hankali, wato abin da ka faɗa wa ɗanka. Ba zan sauƙaƙa maka shi ba, domin Ubangiji bai sauƙaƙa ba. A Matiyu 5:22 ya sa zagin ɗan'uwa a layi ɗaya da dokar kisankai, a Matiyu 12:34 zuwa 37 kuma ya ce daga abin da ya cika zuciya baki yake magana, za a kuma ba da lissafin kowace maganar banza a ranar shari'a. Saboda haka abin da muka saba fakewa da shi, cewa ai suɓutar baki ce, ba ya tsayawa. Abin da ya suɓuce yana ciki tun da farko. Ina zaton abin da ya fito daga bakinka a ranar tsoro ne, tsoron kada yaron ya zama abin da aka ce kai za ka zama, ina kuma zaton irin wannan tsoro ne ya yi magana ta bakin mahaifinka. Wannan bai wanke kowa ba, amma yana nuna inda aikin yake. Marubucin wasiƙar Yakubu a Sabon Alkawari ya ce an horar da namomin jeji da tsuntsaye da halittun teku, amma harshe babu mutumin da zai iya horar da shi, sai ya ƙare da tambaya ko marmaro ɗaya zai iya ɓuɓɓugo da ruwan daɗi da na zartsi. Wato gyaran a marmaro yake. Mutum zai iya cije leɓe na wata ɗaya, amma ran da aka taɓa inda yake masa ciwo, abin da ke ƙasa shi zai taso. Annabi Ishaya ma da ya ga Ubangiji ya yi kuka cewa shi mai ƙazamin baki ne, ba shawara aka ba shi ba, garwashi aka ɗauko daga bagade aka taɓa leɓunansa.

Ni ma ba daga wuri mai tsabta nake wannan magana ba. Ina sabon malami, a wani ajin nazarin Littafi, na sa wani saurayi ya karanta surar da ke cike da sunayen zuriya. Ya yi ta tuntuɓe a kan sunayen, yana bin layi da yatsa, ni kuwa don in ba aji dariya sai na ce in muka jira shi, Almasihu zai dawo ba mu kai ƙarshen surar ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi murmushi, ya rufe littafin a hankali da yatsansa a ciki, ya zauna. Bai ƙara ɗaga hannu don karatu ba, ni kuma ban lura ba. Bayan shekara 9 muka haɗu, ya riga ya zama magidanci, cikin hira ya maimaita mini maganar kalma bayan kalma, har da yadda na karkatar da kai lokacin da nake faɗinta, alhali ni ta daɗe da fita daga kaina. A ranar na fahimci abin da ya sa Karin Magana 26:18 da 19 ta kwatanta mai cutar maƙwabcinsa sannan ya ce ai wasa yake yi da mahaukaci mai harba kibau masu wuta.

Sai mu zo kan magana mai warkarwa, a nan kuwa mutane da yawa suna kuskure, suna zaton daɗin baki ne. Littafi Mai Tsarki ya ce mai yi wa maƙwabcinsa daɗin baki tarko yake kafa masa, ya kuma ce raunin da aboki ya ji maka ya fi sumbar maƙiyi aminci. Ko magana mai kyau in ta zo ba a kan lokaci ba tana cutarwa, kamar yadda Karin Magana 25:20 ta ce mai rera waƙa ga mai baƙin ciki kamar mai tuɓe wa mutum riga ne a ranar sanyi. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 dare da rana ba wanda ya ce uffan, wannan kuwa shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka fara bayani, da maganganu masu kama da tauhidi mai kyau, sai Ayuba ya tambaye su har yaushe za su yi ta ragargaza shi da magana, a ƙarshe kuma Allah ya ce wa Elifaz, ɗaya daga cikinsu, ya husata da shi da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba. A ɗaya gefen, annabi Natan ya dubi sarki Dawuda ya ce masa kai ne mutumin, magana mai zafi ƙwarai, amma ita ta buɗe ƙofar tuba, kuma bakin nan da ya faɗe ta shi ne ya ce Ubangiji ya kawar da zunubinsa. Yusufu ma bai ce wa 'yan'uwansa ba komai ba. Ya ce musu sun nufe shi da mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri, sa'an nan ya ta'azantar da su, ya yi alkawarin ciyar da su da 'ya'yansu. A duk waɗannan an kira laifin da sunansa, amma ba a rufe wa mai laifin ƙofa ba. Nan ne maganar mahaifinka ta kauce, nan ne taka ma ta kauce: da an ce abin da ka yi ba daidai ba ne, da gyara ne, amma cewa ba za ka zama komai ba hukunci ne a kan mutum ɗungurungum da kuma kwanakin da bai riga ya rayu ba, wannan kuwa ba hurumin uba ba ne.

Misali mafi kyau na yadda ake gyara ɓarnar baki yana Yahaya 21. Bitrus ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku, Markus ya ce har da rantsuwa da la'antar kai, Yahaya kuma ya ambata cewa yana tsaye ne yana jin ɗumin wutar gawayi a farfajiyar babban firist. Bayan tashi daga matattu, a bakin tekun Tibariya, almajiran suka fito daga jirgi suka tarar da wata wutar gawayi, kuma waɗannan wurare biyu ne kaɗai aka yi amfani da kalmar Helenanci ta wutar gawayi a duk Sabon Alkawari. A gaban wannan wuta, sauran almajirai suna ji, Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, har Bitrus ya ji zafi a karo na uku, kowace amsa kuma aka bi ta da aiki: ka yi kiwon tumakina. Ba a yi kamar abin bai faru ba, ba a kuma yi masa gori ba. An koma wurin da aka yi ɓarnar, aka ba bakin da ya yi musu dama ya faɗi akasin abin da ya faɗa, a gaban shaidu. La'anar da ya jawo wa kansa da bakinsa kuwa ba ta sauka ba.

Game da mahaifinka, tunda ya riga mu gidan gaskiya, ba za ka ji janyewar maganar daga bakinsa ba, kuma yana da kyau ka yarda cewa wannan rashi ne, ka yi baƙin cikinsa a gaban Allah yadda masu zabura suke yi. Girmama iyaye ba ya nufin ka yarda cewa duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Za ka iya cewa mahaifina ya yi zunubi a wannan magana, ka gafarta masa, ka kuma ci gaba da gode wa Allah saboda alherin da ka samu ta hannunsa. Gafarar ba lallai ta kammalu a zama ɗaya ba. Duk ran da muryar ta dawo sai ka sake yin ta. Bulus ya ce wa Korantiyawa ƙaramin abu ne a gare shi mutane su yi masa shari'a, shi kansa ma ba ya yi wa kansa shari'a, Ubangiji ne mai yi masa. A Romawa 8 kuma ya tambaya wa zai kai ƙarar zaɓaɓɓun Allah, tunda Allah ne mai kuɓutarwa, a surar nan ce kuma ya ce Ruhu yana shaida wa ruhunmu cewa mu 'ya'yan Allah ne. Ba ina cewa ka maimaita waɗannan ayoyi kamar laya ba, domin hakan komawa ne ga tunanin da muka ƙi tun farko. Ina cewa ne ka auna shaidu biyu, na mutum mai fushi da na Allah wanda ba ya ƙarya, ka zaɓi wanda za ka gaskata. Kuma da yake raunin ta kunne ya shiga daga bakin wani, yawanci maganin ma ta bakin wani yake zuwa, don haka ka nemi dattijo mai riƙon amana a ikilisiya ka faɗa masa maganar yadda aka faɗa maka ita, ka bar shi ya amsa maka. Barnaba, wanda manzanni suka yi wa laƙabi da ɗan ƙarfafa zuciya, shi ya kama hannun Shawulu, wato Bulus, ya kai shi gaban manzanni lokacin da kowa yake tsoronsa, shi ne kuma ya ƙi yar da Markus bayan ya gudu daga aiki, Markus ɗin da Bulus daga baya ya ce yana da amfani a gare shi. Idan kuma abin ya kai ga hana ka barci, ko kana jin rayuwa ta fita daga ranka, ka haɗa da ganin likita, wannan ba rashin bangaskiya ba ne.

Ɗanka kuwa yana raye, yana kusa da kai, kuma Matiyu 5:23 da 24 ta ce wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana game da shi ya bar baikonsa a gaban bagade ya je ya shirya tukuna. Magana zarar bunu ce, ba za ka mayar da ita ba, amma za ka iya ƙaryata ta da bakin da ya faɗe ta, kuma a duniya babu wanda ya kai ka ikon yin haka. Ka zaunar da shi lokacin da hankalinku duka a kwance yake, ka maimaita ainihin kalmomin da ka faɗa, ka ce masa ba gaskiya ba ne, ka yi zunubi ga Allah da kuma gare shi, kana roƙon gafararsa. Kada ka ce ya yi haƙuri in ya ji haushi, domin wannan ɗora laifin ne a kan jinsa, kada kuma ka bi roƙon da amma kai ma ka san abin da ka yi. Laifin da ya jawo faɗan, in akwai, yana nan, za ku yi maganarsa wata rana dabam, a matsayin abin da ya aikata. Idan a gaban 'yan'uwansa ko mahaifiyarsa ka faɗi maganar, to, a gabansu za ka janye ta. Bayan haka ka gaya masa wani abu na gaskiya da ka gani a cikinsa, takamaimai, da ranar da ka gan shi da abin da ya yi, domin yaro yana gane yabon da aka ƙaga don a lallashe shi.

Mai yiwuwa ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, ya tashi ya fita. Kada ka tilasta masa ya ce ya yafe, kada kuma ka ɗauka an gama. Zai riƙa lura da kai cikin shiru har ranar da zai sake yin wani kuskure, ya fasa wani abu ko ya dawo da sakamakon makaranta marar kyau, ya tsaya a gabanka yana jiran ya ji wace magana ce za ta fito.